Kano zuwa Jidda a jirgi: kilomita nawa ne, kuma me ya sa awannin tikiti suka bambanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata za ta tafi Umara daga Kano, kuma ba ta taɓa hawa jirgi ba. Na duba nisan Kano zuwa Jidda a intanet sai na ga alƙaluma uku: 3,420 da 2,125 da 1,847. Wanne ne gaskiya? Sannan a tikitinta an rubuta tashi ƙarfe 10:00 na dare, sauka 6:30 na safe, awa takwas da rabi ke nan. A dawowa kuwa tashi 2:00 na rana, sauka 6:30 na yamma, awa huɗu da rabi kacal. Hanyar dawowa ta fi kusa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kai Hajiya lafiya, ya karɓi ibadarta, ya saka maka da alheri da ka tsaya bincika mata tun kafin ranar. Na yi shekaru ina aikin tsara wa jirage hanya da lissafin mai kafin su tashi, kuma wannan hanya ta Jidda ba ni da wadda na fi sani kamarta.

Alƙaluman nan uku duk gaskiya ne, abu ɗaya suke faɗa da mudu daban-daban. Daga Filin Jirgin Malam Aminu Kano zuwa Filin Jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda kimanin kilomita 3,420 ne a miƙe. In aka auna da mil ɗin da Turawan Ingila suka bar mana a bakin titi, wanda kowane ɗaya kilomita 1.609 ne, sai ya zama 2,125. In kuma da mil ɗin teku aka auna, mai kilomita 1.852, sai ya zama 1,847. Mu a wajen aiki da na teku muke magana, don shi ne ya dace da layukan taswirar duniya: kowace digiri ɗaya ta kudu da arewa mil ɗin teku 60 ce, kimanin kilomita 111. Kai dai riƙe 3,420 ya ishe ka.

Yadda ake samo wannan adadi ba wani asiri ba ne. Kifa ƙwarya a ƙasa, ka ɗiga alama biyu a bayanta, ka ja zare tsakaninsu har ya ɗame. Inda zaren ya kwanta ita ce hanya mafi kusa a kan abu mai kewaye, kuma haka ake auna duniya. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, digiri 8 da rabi gabas. Filin Jidda yana digiri 21 da ɗoriya arewa, 39 gabas. Zaren da ya haɗa su ya ci kusan digiri 31 cikin 360 na zagayen duniya, zagayen kuwa wajen kilomita 40,000 ne. Raba ka gani, zai ba ka 3,420 ko kusa da haka. A hanyoyin arewa masu nisa zaren nan yana ba mutane mamaki, don jirgin Dubai zuwa yammacin Amurka ta kusa da ƙuryar arewacin duniya yake bi. Mu da muke kusa da tsakiya, lanƙwasar kaɗan ce, kusan abin da idonka ya gani a taswira shi ne.

Abin da na fi so a wannan lissafi shi ne, jirgin da ya bar Kano zai fuskanci digiri 68 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata hagu. Alƙiblar Kano ke nan. Inda Hajiya take fuskanta kullum a kan dardumarta, nan hancin jirgin zai dosa, in hanya a buɗe take.

Yanzu batun tikiti. Hanyar dawowa ba ta fi kusa ba, agogo ne ya rikita ka. Saudiyya ta riga Najeriya da awa biyu, kuma kowane lokaci da aka rubuta a tikiti agogon garin ne: na tashi agogon inda aka tashi, na sauka agogon inda aka sauka. Ƙarfe 6:30 na safe a Jidda, ƙarfe 4:30 ne na asuba a Kano. To daga 10:00 na dare zuwa 4:30, awa shida da rabi. A dawowa, 2:00 na rana a Jidda sha biyun rana ce a Kano, zuwa 6:30 na yamma kuma awa shida da rabi. Ka ga zuwa da dawowa sun zo daidai. A tafiya ka cire biyu, a dawowa ka ƙara biyu, shi ke nan.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Babban jirgi yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa in ya daidaita a sama. Kilomita 3,420 a wannan gudu awa huɗu ne, ka ƙara hawa da saukowa da gangarawa a titin fili, sai ya kama awa huɗu da rabi. Haka muka saba da shi shekara da shekaru, kuma haka duk alhajin da ya je kafin 2023 zai gaya maka. Tikitin Hajiya kuwa ya ce shida da rabi. Waɗannan awa biyu da suka ƙaru su ne suka gaya mini jirginta ba zai bi zaren nan ba, zagaye zai yi, ko kuma zai yada zango a wani gari a hanya.

Bari in bi da kai ta zaren ka ga dalili. Daga Kano sai Jigawa, sai Yobe ta wajen Gashuwa, ya ɗan shiga Nijar ta yankin Diffa, ya ratsa arewacin Tafkin Chadi, ya faɗa Kanem. Daga nan sahara ce zalla har ya fita Chadi. Sai ya shiga Sudan ta arewa maso yamma, ya tsallake Kogin Nilu kusa da Dongola, ya ɓulla gaɓar Bahar Maliya arewa da Fot Sudan, ya ƙetare ruwa, sai ga Jidda. A cikin 3,420 ɗin nan, wajen kilomita 1,400 a sararin Sudan suke. Kusan biyu cikin biyar na tafiyar ke nan.

Ranar 15 ga Afrilu, 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun kar-ta-kwana na RSF, filin jirgin birnin ma na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, aka rufe sararin ƙasar. Saura 'yan makonni a fara jigilar alhazan shekarar. Ba zan manta makon nan ba. Hanyar da nake bugawa ido rufe, na shigar da ita kwamfuta ta ƙi karɓa. Muka baje taswira a tebur kamar 'yan koyo, shayi ya huce a kofi ba wanda ya tuna da shi, muna neman ta inda za a ɓulle. Ta arewa akwai Libiya, wadda kamfanoni da yawa ba sa yarda su ratsa ta. Ta kudu sai ka gangara Kamaru da Afirka ta Tsakiya, ka kewaye, ka hau ta Habasha, sannan ka miƙe arewa zuwa Bahar Maliya. A lissafina wannan zagaye na kudu yana kai tafiyar kusan kilomita 5,000, awa shida zuwa bakwai. Shi ya sa a shekarar kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera, aka yi ta kai-kawo da Hukumar Alhazai ta Ƙasa. Mutane da yawa sun ɗauka wayo ne kawai. Ni da na ga takardar mai da idona na san ƙarin awa biyu a babban jirgi tan-tan na mai ne, ga kuɗin ratsa sararin kowace ƙasa da aka ƙara, ga awannin aikin matuƙa da doka ta ƙayyade.

Daga baya an buɗe ɓangaren gabashin Sudan, kuma waɗannan abubuwa suna canzawa da sanarwa, wani lokaci cikin dare ɗaya. Nijar ma ta rufe sararinta a watan Agusta 2023 bayan juyin mulki, ta buɗe a farkon Satumba, kuma a wannan wata jiragen Turai masu zuwa Najeriya sun sha zagaye. Don haka ka tambayi wanda ya yanka mata tikiti abu ɗaya: jirgin kai-tsaye ne ko yana tsayawa? In yana tsayawa, za a sauko da fasinja ko a ciki za su zauna? Ga tsohuwa, wannan amsar ta fi adadin kilomita amfani.

Ko lokacin da hanya take lafiya, jirgi ba ya bin zaren daidai-wa-daida. Sama ma tana da tituna, da mararraba masu sunaye, da masu kula da kowane yanki. Sararin Najeriya gaba ɗayansa a takardun jirage sunan Kano yake ɗauke da shi, Hukumar NAMA ke kula da shi. Da ka fita sai hannun ASECNA, mai kula da sararin Nijar da Chadi, daga nan a miƙa ka gaba har ka shiga hannun Jidda. Bin waɗannan tituna, da juyin tashi, da layin sauka, da kauce wa hadari a damina, sukan ƙara kilomita ɗari ko fiye. A lokacin cunkoson Hajji kuma ana iya sa jirgi ya yi ta kewaya a sama yana jiran layi.

Sai iska. Wasu sukan ce ai tunda duniya tana juyawa gabas, mai zuwa yamma ya fi saurin isa. Ba haka ba ne, iskar da jirgi ke ciki tare take juyawa da duniyar. Abin da ke kawo bambanci shi ne kogunan iska da ke can sama inda jirage ke bi, wajen kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. A lokacin sanyi akwai mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a saman arewacin sahara da Bahar Maliya, tana tura mai zuwa Jidda, tana danne mai dawowa. A damina kuma wata ce ke tasowa daga gabas, sai abin ya juye. Bambancin a wannan hanya mintuna ne, wani lokaci ya kai rabin awa, ba ya kai awa huɗun da ka gani a tikiti.

Kuma kada ka ji tsoron cewa zagaye zai cinye mai a hanya. Ba a zuba wa jirgi man nisan tafiya kaɗai. Akwai na tafiyar, akwai ƙarin ko-ta-kwana, akwai wanda zai kai shi wani fili dabam in Jidda ta ƙi saukuwa, sannan akwai na ajiyar ƙarshe na minti 30 da ba a taɓawa. Matuƙi ba ya sa hannu sai ya ga duk wannan a rubuce, in bai gamsu ba ya ce a ƙara, kuma a ƙara ɗin. Nauyin man nan ne ma yake sa a matsa wa fasinja a kan kaya. Kano tana sama da teku da kusan mita 480, in zafin bazara ya haɗu da wannan, iska takan yi sako-sako, jirgi mai nauyi ya buƙaci titi mai tsawo kafin ya ɗaga. Tashin dare yana da sauƙi ta wannan fuska. Idan ma'aikaci ya ce jakar Hajiya ta wuce kilo, ba mugunta ba ce, a rage kawai.

In tikitin na canjin jirgi ne, lissafin ya sake. Ta Alƙahira, Kano zuwa can wajen kilomita 3,100 ne, daga can zuwa Jidda 1,200 da ɗan kai, jimla kusan 4,300. Ta Adis Ababa kusan 4,750. Ta Doha kuwa ya haura 6,000, don sai an wuce Saudiyya gaba ɗaya sannan a dawo baya. Waɗannan duk a miƙe na auna, ban sa zagaye ba, ban sa zaman jira a fili ba, wanda shi ne ya fi gajiyar da dattijai. Ni a ra'ayina, mai zuwan fari da shekaru suka ja, in da hali a biya mata na kai-tsaye ko da ya fi tsada. Neman ƙofar jirgi na biyu a filin da ba ka jin yaren kowa, da tsakar dare, ba ƙaramin abu ba ne.

Ga masu tashi daga wasu garuruwa: Maiduguri zuwa Jidda kusan 2,980 ne, Sakkwato wajen 3,720, Yamai 4,000 da 'yan kai, Legas kusan 4,200. Kano zuwa Madina kuwa wajen 3,560.

Duk lokacin da na zana wannan hanya sai na tuna ba mu muka fara ta ba. Kakanninmu sun bi ta da ƙafa da jaki da raƙumi, ɗan kudu da inda zaren ya bi, don su ruwa da gari suke bi: Borno, Wadai, Darfur ta Alfashir, Kordofan, Nilu, sannan Sawakin a hau jirgin ruwa. Wani shekara biyu, wani bakwai, yana tafe yana noma yana ƙwadago don guzuri. Da yawa ba su dawo ba, wasu ma ba su ƙarasa ba, su ne asalin dubban Hausawa da Fulanin da ke Sudan yau, har da garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Jirgin sama ma da ya zo sawunsu ya bi. Jirage uku na sojan saman Ingila da suka fara sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925 daga Masar suka taso ta Sudan, kuma zirga-zirgar jiragen kasuwanci da aka fara a 1936 tsakanin Hartum da Kano ce, ana yada zango a hanya. Wani dattijo ya taɓa riƙe hannuna a fili, ya ce kakansa shekara huɗu ya yi kafin ya ga Ka'aba, shi kuma an ce masa awa huɗu, yana so in rantse masa gaskiya ne. Na rantse masa. Shi ya sa rufewar sararin Sudan ta taɓa ni fiye da batun mai. A ƙarƙashin wannan layi da muka daina bi akwai 'yan'uwanmu masu jin Hausa da yaƙi ya rutsa da su, in Hajiya ta je ta sa su a addu'a.

Sauran abin da zan gaya maka na shiri ne. Tunda Jidda za ta sauka, in Makka za ta wuce kai-tsaye, maganar harami ta taso tun a jirgi. Hukuncin wannan na malamai ne, ku tambaye su tun a gida. Abin da ni zan ƙara daga ɓangarena shi ne jirgi yana cin kusan kilomita 15 a minti ɗaya. In aka yi sanarwar an kusa miƙati, ba lokacin bin layin banɗaki ba ne, mutum ɗari uku ba za su shirya a minti goma ba. Ta yi wankanta da shirinta tun daga Kano, ya zama niyya ce kawai ta rage. In kuma Madina za ta fara, to miƙatinta Zul Hulaifa ne a ƙasa, ba ta da wannan damuwa a sama.

Ka gaya mata asuba za ta riske ta da wuri. Mai tafiya gabas tarar rana yake yi, ga kuma awa biyun agogo. In tana shan magani a kan lokaci, musamman na sukari ko hawan jini, a tambayi likitanta yadda za ta daidaita, kuma maganin ya kasance a jakar hannu, kada ya shiga cikin kaya. Awa shida da rabi a zaune yana kumbura ƙafa. Ta riƙa shan ruwa, ta riƙa motsa yatsun ƙafa, in fitilar ɗamara ta mutu ta tashi ta ɗan taka. Iyayenmu mata sukan ƙi shan ruwa don kunyar tashi zuwa banɗaki a gaban mutane, sai su sauka a galabaice. Ka roƙa mata kujerar bakin hanya tun wajen awon kaya, in tafiya tana yi mata wuya a rubuta mata keken guragu, kyauta ne, kuma filin Jidda yana da faɗi. Ka kuma faɗa mata jirgi yakan yi 'yar girgiza in ya shiga gajimare, kamar mota a kan burji, kada gabanta ya faɗi. Kunne kan toshe wajen saukowa, haɗiyar yawu ko tsotsar alewa tana buɗe shi.

Sauka kuma ba isowa ba ce. Akwai layin shige da fice, akwai jiran kaya, sannan daga filin zuwa Makka kusan kilomita 100 ne a mota. Jirginta zai taɓa ƙasa wajen 4:30 na asuba agogon Kano, amma kada hankalinku ya tashi in ba ku ji muryarta ba sai hantsi. Ka rubuta lambarka da sunan masaukinta a takarda da manyan baƙaƙe, ka sa mata a 'yar jakar wuya tare da fasfo, don layin wayarta na gida ba lalle ya kama ba sai ta sayi na can.